ZUMUNTA A ƘAFA TA KE: Abin Da Taron Majami'a Ke Yi Wa Masihiyawan Kudancin Katsina

Kwanakin baya muna zagayen duba malamai masu koyon aiki a makarantun da ke tsakanin Funtuwa da Daudawa, sai muka gamu da wani malami wanda ya taɓa zama ɗalibinmu a kwalejin horon malamai. Bahaushe ne, Kirista, ɗan wani ƙauye na ƙasar Ƙanƙara. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyensu, iyayensa sun koma wani gari, ƙannensa suna wani, shi kuwa aiki ya ajiye shi inda babu mai addininsa ko ɗaya. Bayan mun gaisa mun yi masa jaje, sai muka tambaye shi abin da ya fi damunsa cikin wannan hali. Mun zaci zai ce rumbunan da aka ƙone, ko shanun huɗar da aka kora. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, hatsi dai in Allah ya kai mu damina a samu wani. Abin da ke cina shi ne ranar Lahadi. Ga Littafina, ga ɗakina, ba wanda ya hana ni addu'a, amma na ga zuciyata sai sanyi ta ke yi, kamar itacen da aka zare daga murhu."

Maganan nan ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta gaban jama'a. Mun sani mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan ofis. Amma da wuya a samu wanda ba shi da ɗalibi Kirista a ajinsa, ko abokin aiki a tebur na kusa da shi. Wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya ɗauka da girma, shi zai iya zama da shi lafiya. Ga 'yan'uwanmu Kirista kuma, musamman samarin malamai da a ke turawa nesa da gida, muna fata su sami abin tunani a ciki.

DARASIN ANGURYA

Wanda ya san tarihin Daudawa ya san auduga ce ta fitar da sunanta. Tun cikin shekarun 1920 aka kafa gonar iri a can. Masana aikin gona na Samaru su ne ke zaɓen iri mai kyau, a kawo shi Daudawa a yawaita shi, sa'an nan a raba wa manoman kewaye. Abin da suka noma a kai shi injin gurza, a ware anguryarsa dabam, a sake rabawa, har ta game ƙasa. Dattawa suna tune da zamanin da En'e ke raba angurya kyauta kowace shekara.

To, me ya sa ba a bar kowane manomi ya riƙa ajiye irinsa ba? Dalili shi ne, iri kome kyansa, in ya daɗe a hannun mutum ɗaya, ba mai dubawa, ba mai sabuntawa, ya kan gauraya da wani, zarensa ya gajarce. Mai shi kuwa ba zai lura ba, domin ba shi da abin da zai gwada da shi. Ba zai farga ba sai ran da ya kai kasuwar auduga, malamin duba ya ɗebi kaɗan ya murza, ya ce lamba uku ce.

Abin da Kirista ke faɗa game da zuciyar mutum bai yi nisa da wannan ba. Sun ce bangaskiya aba ce mai rai, ta kan yi girma, ta kan kuma tsumbure. Mutumin da ya keɓe kansa ba ya ganin karkatarsa, gama ido ba ya ganin kansa. Sai cikin jama'a ne za a gaya masa, a tallafe shi, shi ma ya tallafi wani.

MECE CE ZUMUNTA A WURINSU?

Hausawa Kirista da yawa sun fi son a kira su Masihiyawa, watau mabiyan Almasihu. Suna da kalmomi biyu da ya kamata a rarrabe. Majami'a ita ce ginin da a ke taruwa a ciki. Ikilisiya kuwa ita ce jama'ar kanta. In gini ya rushe ikilisiya tana nan, amma in jama'a ta watse, ginin kango ne kurum. Zaman da 'yan ikilisiya ke yi da juna shi su ke kira zumunta, ko tarayya. Duba ma sunayen ƙungiyoyinsu: akwai Zumuntar Mata, akwai Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan wadda aka kafa a 1955, wadda daga baya aka sāke wa suna ta zama ta Nijeriya.

Hujjarsu tana cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama juya shi duka zuwa Hausa aka buga a 1932. Sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin masu bi na farko a Urushalima, yadda ba su rabuwa wajen karatu da addu'a da cin abinci, mai hali yana taimakon mara hali. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Koranti, sura ta 12, Manzo Bulus ya kamanta ikilisiya da jikin mutum, kowace gaɓa da aikinta, ba wadda za ta wadatu da kanta. Sura ta 10 ta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta gargaɗi waɗanda suka mai da ƙin zuwa taro al'adarsu. Bayan wannan, manyan ibadunsu guda biyu, watau baftisma da Jibin Ubangiji, ba wanda mutum zai iya yi wa kansa shi kaɗai.

Wannan ba zai zama baƙon abu ga Musulmi ba. Kowa ya san fifikon sallar jam'i a kan ta mutum ɗaya, ya kuma san ba a yin Jumma'a a ɗaka. Addinan biyu sun sha bamban a manyan al'amura na aƙida, ba ma ɓoye wannan, amma a nan sun yi daidai: ba su yarda mutum ya zama saniyar ware wajen ibada ba.

GIMI DA WUSASA

Tarihin ƙasarmu ya ba da shaida a kan wannan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kan haka, almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka bazu cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Ningi. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila na mishan ɗin C.M.S., wanda ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Abin da suka nema shi ne wurin da za su zauna tare, su yi noma, su yi karatu, su yi sujada. Aka ba su fili a Gimi, suka kafa gari.

Garin bai daɗe ba. Ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, cikin 'yan shekaru kaɗan aka bar wurin. Da kowa ya kama gabansa, da labarinsu ya ƙare ke nan. Amma waɗanda suka ragu suka riƙe juna, aka ɗauki marayu, suka koma Zariya, kana a 1929 mishan ɗin ya tashi daga birni ya koma Wusasa tare da su. Daga wannan 'yar ƙaramar jama'a ta Wusasa ne aka sami Likita Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Daga nan ne aka sami Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, da kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba mu ce muƙami shi ne ma'aunin ibada ba. Abin da mu ke nunawa shi ne, jama'ar da ta riƙe juna a lokacin annoba ita ce ta iya renon 'ya'yanta.

A ƙasar Katsina kuwa, mishan ɗin S.I.M. ne ya fi yin aiki a farko. A 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka danƙa masa riƙon asibitin masu ciwon kuturta na Babbar Ruga, ya kuma buɗe tasha a Malumfashi. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. su ne suka haɗu a 1954 suka zama ECWA, a hannun 'yan ƙasa. 'Yan Katolika da Angilikan da Baptis su ma sun kafu. Mafi yawan waɗanda suka shiga a karkara daga cikin Hausawan da a ke kira Maguzawa suka fito, a ƙasashen Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara da maƙwabtansu.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Bamaguje ba ya zama shi kaɗai. Babban gida ya ke ciki, ana noman gandu tare, ana tsafin gida tare, ana shan giyar biki tare. Ran da ya ce ya bar tsafi, ya taɓa igiyar da ta ɗaure gidan duka. Wa zai ba shi mata? Wa zai zo masa gayya? Wa zai binne shi? In ikilisiya ba ta zama masa dangi ba, ba zai kai ko'ina ba. Saboda haka a ƙauyukan nan zumunta ba ado ba ce, ita ce ginshiƙin da ya riƙe ɗakin.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba. Sa'ad da Italiya ta mamaye Habasha, aka fitar da Turawan S.I.M. daga ƙasar Walaita a 1937, masu bin da aka yi wa baftisma a can ba su kai ɗari ba. Ba su da Bature, ba su da kuɗi, ba su da cikakken Littafi da harshensu, an kuwa tsananta musu. Amma suka dinga taruwa a gidaje, suna kai wa waɗanda aka ɗaure abinci a kurkuku. Da Turawan suka komo cikin shekarun 1940, sai suka tarar da dubban mutane.

YADDA ABIN KE AIKI

Mu malamai ba mu kan gamsu da a ce abu yana da amfani ba, sai an nuna mana ta wace hanya. Bisa ga abin da muka gani a ƙauyuka, hanyoyin biyar ne.

Ta farko ita ce ilmi. Ranar Lahadi da safe a kan buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a itace, jama'a su taru, maza gefe guda, mata gefe guda. A karanta Littafi da Hausa, a yi wa'azi, a rera daga Littafin Waƙoƙi. Yara suna da makarantar Lahadi, mai neman baftisma yana da ajinsa na watanni. Tsofaffi da yawa a nan suka koyi karatun boko, don su iya karanta Littafi da kansu. Mai karatu shi kaɗai ya kan zaɓi abin da ya yi masa daɗi ya tsallake abin da ya sosa shi. Cikin taro kuwa dole ya ji duka.

Ta biyu ita ce gyaran hali. Sura ta 18 ta Matiyu ta tsara matakai: wanda ya yi laifi a fara samunsa a asirce, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sa'an nan a kai gaban jama'a. Dattawan ikilisiya su kan sa mutum ƙarƙashin horo, watau a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har ya tuba, kana a karɓe shi a fili. In an yi shi da tausayi, gyara kayanka ne, ba ya zama sauke mu raba.

Ta uku ita ce ɗaukar nauyin juna. A nan Zumuntar Mata ta fi kowa. Su ne masu waƙa da tulu da caki, amma aikinsu ya wuce waƙa. Su ke zuwa barka, su ke zaman makoki, su ke dafa wa mai jego, su ke tara kwabo-kwabo don gwauruwa. Maza kuma su kan yi gayya a gonar mara lafiya, da kaka a kawo dammunan dawa baiko, a zuba a rumbun ikilisiya don baƙo da maraya. Wanda aka taɓa ɗauke wa kaya ran da ya gaza, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan jinƙan Allah ba.

Ta huɗu ita ce koyon riƙon amana. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye tana da magatakarda da ma'aji da mai koyar da yara da mai bi da waƙa. Yaro ya fara da share majami'a, ya kai ga karanta aya a gaban mutane, wata rana ya riƙe littafin kuɗi, ya karanta lissafi a gaban waɗanda suka ba da kuɗin. Mun lura a kwaleji, ɗalibin da ya saba da irin wannan ba ya rawar jiki ran da aka fara tsai da shi gaban aji.

Ta biyar, wadda ta fi wuya, ita ce haƙuri da gafara. Kowa mai haƙuri ne in yana ɗaki shi kaɗai. Haƙuri na gaskiya sai ka zauna benci ɗaya da wanda awakinsa suka cinye maka rogo. Halayen da Littafinsu ya lissafta a kan su ne alamar girma cikin ruhu, irin su ƙauna da tawali'u da kamewa, ba ɗaya da a ke iya gwadawa sai da mutane.

Wani malamin Ingila, John Wesley, ya gane wannan tun da daɗewa. A 1742 a birnin Biristol aka rarraba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kowace wajen mutum goma sha biyu da shugabansu. Asali don tara kwabo ɗaya a mako ne, a biya bashin ɗakin taronsu. Amma da shugabannin suka riƙa zagayawa karɓar kwabon, sai suka ga halin da kowa ke ciki, aka mai da abin ya zama taron mako-mako na tambayar juna lafiyar zuciya. Da wannan ɗarikar Metodis ta yi ƙarfi. Irin wannan dabara ce ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta bi a Arewa cikin shekarun 1960, ta kafa ƙananan tarukan addu'a a gidaje.

INDA TA KAN LALACE

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in muka ce kullum haka abin ya ke tafiya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Taron da aka yi don gyaran juna ya kan koma dandalin gulma. Horo ya kan faɗa kan talaka ya tsallake mai kuɗi. Mun ga inda gardama a kan kuɗin gini, ko a kan wanda zai zama dattijo, ta raba ƙauye ɗaya majami'a biyu, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa gaisawa. Akwai kuma wanda ba ya fashin taro shekara ashirin, amma halinsa na nan inda ya ke, gama zuwa kasuwa ba shi ne ciniki ba.

Haɗari mafi girma shi ne zumunta ta zama katanga, mutane su so junansu su ƙi na waje. A kudancin Katsina sau da yawa gida ɗaya za ka sami Musulmi da Kirista, wa da ƙane, suna kai wa juna tuwon Salla da na Kirsimeti. Duk wa'azin da zai yanke wannan, ko daga wane mumbari ya fito, ba girma ya kawo ba. Ma'auni mai sauƙi ne: in mutum ya daɗe cikin taro, maƙwabcinsa wanda ba addininsu ɗaya ba ya kamata ya fara ganin canji, a wurin awo, da biyan bashi, da riƙon harshe.

HALIN DA A KE CIKI

Abin da ya sa maganan nan ta zama ta gaggawa shi ne masifar 'yan bindiga, wadda ta addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu. Ba mai manta ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300. A watan Mayu 2022 aka shiga gidan limaman Katolika a Gidan Mai Kambu ta ƙasar Kafur da dare, aka tafi da biyu daga cikinsu, suka yi wajen wata guda a daji. A watan Janairu 2023 aka faɗa wa wata majami'a a karkarar Ƙanƙara ana cikin sujada, aka tafi da mutane. A watan Agusta 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe bayin Allah masu yawa. Ashe ɓarawo ba ya tambayar addini. Inda jama'a ta taru nan ya ke nufa.

Saboda haka mutane suka shiga tsoron taro, ƙauyuka suka watse, waɗansu suka kwarara Funtuwa da Malumfashi da Zariya. Asarar da a ke iya ƙirgawa ita ce ta rayuka da dabbobi da hatsi. Akwai wata kuma da ba ta shiga lissafi: tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana zama wuri ɗaya a majami'ar ƙauyensu, yau tana bayan taro a birni ba wanda ya san sunanta, yaron da ya tashi ba dattijon da zai kira shi ya tsawata masa. Irin waɗannan yara, na masallaci da na majami'a, su ne abin tsoro gobe, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka ba a yanke ƙauna ba. A 2023 aka ba 'yan Katolika na Katsina dayosis tasu, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishop ɗinta na farko. Wannan ya nuna irin da aka shuka a ƙauyukan nan ya yi saiwa.

SHAWARARMU

Ga malami ko akawu Kirista da aka tura inda ba shi da kowa, shawararmu ita ce kada ya ce rediyo da wayar hannu sun ishe shi. Wa'azin rediyo yana da amfani, amma rediyo ba ta san ranar da ka yi fashi ba, ba ta zuwa gaishe ka in ka kwanta. Ya nemi ikilisiya mafi kusa, ko da ba ɗarikarsa ba ce, in hanya tana da lafiya ya je. In ba ta da lafiya, ya nemi mutum biyu ko uku su riƙa haɗuwa a gida da rana. Kada kuma ya je ya zauna kamar baƙo, ya karɓi wani aiki, ko da koya wa yara karatu ne.

Ga ikilisiyoyin gari da suka karɓi waɗanda aka tasa, buhun masara yana da kyau, amma bai isa ba. A rubuta sunayensu, a san ƙauyen kowa, a bar su su yi waƙoƙinsu, a ba dattawansu wurin zama cikin shawara. Mutumin da kullum karɓa ya ke yi, ba a taɓa neman kome a hannunsa ba, ba ya jin shi ɗan gida ne.

Ga shugabannin makarantu da ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, mu tuna sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, shi kaɗai ko tare da jama'a, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. In za a tsara jarrabawa ko taro ko aikin gayya, a kiyaye safiyar Lahadi kamar yadda a ke kiyaye azahar ɗin Jumma'a. In ɗalibai Kirista na makarantar kwana suka nemi aji ɗaya su yi sujada, a ba su, a sa malami ya lura da su. In takardar neman fili ko ta shaidar zama ɗan ƙasa ta zo teburinka, ka duba ta bisa doka, kada sunan mai ita ya sa ta kwana cikin aljihun tebur. Wannan ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, mai riƙon amanar jama'a kuwa za a tambaye shi.

Shi malamin nan da muka fara da labarinsa, mun bincika masa muka ji akwai wata ma'aikaciyar asibiti da wani makaniki masu addininsa a garin da ke gaba, tafiyar mil huɗu. Hedimastansa, wanda Alhaji ne, shi ya ce ya riƙa ɗaukar kekensa ran Lahadi. Muna roƙon Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa garinsu, manomi ya koma gonarsa, mai masallaci ya koma masallacinsa, mai majami'a ya koma majami'arsa, ba tare da waiwaye ba. Amin.